Ranar Da Kika Ƙi Tashin Jirgi A Gonar Baffanki

Daga Gazara,
zuwa ga Rabi'atu, Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Ikara lafiya, kin sami masauki mai kyau, mutanen da za ki yi aiki da su kuma sun karɓe ki hannu bibbiyu. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya tsare ki a fita da dawowa, ke da abin da kike tuƙawa.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya kira ni a waya. Abin da ya hana ni shi ne na san halinki. A waya sai ki yi ta "to Baba, to Baba" har katina ya ƙare, ni kuma ban san ko maganar ta shiga ba. Takarda kuwa za ki ajiye ta, ki sake ɗauka ranar da ranki ya huce.

Mahaifiyarki ta gaya mini abin da kika ce mata ranar da kike haɗa kaya. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata, don na ga idonki ya yi ja. Ta ce kin ce, "Inna, wallahi nan gaba ko guguwa ake yi sai na tashe shi. Na gaji da dariyar mutane." Tun da na ji wannan magana abinci bai yi mini daɗi ba. Ba dariyar mutane ce ta dame ni ba, wannan na saba da ita tun ba a haife ki ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne rantsuwar, domin na san jinin da ke jikinki, idan kika ce za ki yi abu sai kin yi.

Bari in gaya miki yadda na ga ranar nan daga inda nake zaune, tunda ke kunyar kawai kika gani. Baffanki Alhaji Sani, yayana, tsutsa ta shiga masararsa a gonarsa ta bayan Hunkuyi. Ya ji 'yar ƙaninsa ta koyo tuƙa jirgi marar matuƙi mai feshin magani, kamfani kuma ya ɗauke ta aiki, sai murna ta kama shi. Murnar gaskiya ce, kada ki manta da wannan. Amma Yaya ba ya iya murna shi kaɗai. Ya sa aka kafa rumfa a bakin gona, aka jera kujeru, aka yanka kaji, ya gayyato abokan cinikinsa na kasuwar hatsi su zo bayan la'asar su ga abin mamaki.

Kika zo da akwatunanki, kika durƙusa kika gaida kowa, aka kawo miki fura kika sha. Kika haɗa jirgin, kika duba fuka-fukansa ɗaya bayan ɗaya, kika zagaya gonar da ƙafa. Kafin ki dawo hadari ya fara haɗuwa daga gabas, iska ta juya. Na ga ƙyallen atamfar da kika ɗaura a kan sanda ya miƙe yana nuna rumfa. Ni da ban san komai game da jirgi ba na gane cewa abin da za ki zuba wa tsutsa a kanmu zai sauka, mu da kwanukan kaji, da yaran da suka cika bakin gona, da kududdufin da shanu ke sha a bayanmu. Kika duba ɗan abin aunin iskar da ke hannunki, kika zo gaban Baffanki kika durƙusa.

Kika ce, "Baffa, a yi haƙuri, yau ba zai tashi ba. Iska ta fi ƙarfin aikin. In Allah ya kai mu gobe da sassafe zan dawo in yi shi."

Ya ce, "Inna, mutane fa na tara." Kin san shi ma da sunan mahaifiyarmu yake kiran ki.

Kika ce, "Saboda mutanen ne, Baffa."

Ya ce, "To ɗan ɗaga shi mana, ya zagaya sau ɗaya su gani."

Kika ce ko babu magani a cikinsa ba za ki ɗaga shi yara suna tsaye a nan ba, don abu ne mai nauyi, in iska ta kwashe shi ba a san kan wa zai faɗa ba. A nan ne wani daga bayan rumfa ya ce, "Ai dama aikin maza aka ba mace, tsoro ta ji." Aka yi dariya. Kika naɗe kayanki, Yaya kuma ya tashi ya shiga mota bai sallami kowa ba. Da gari ya waye ya aiko kada ki zo, ya sa masu goyon famfon feshi suka fesa gonar.

Ke abin da kika ji dariya ce. Ni abin da na gani shi ne yarinyar da na goya a kafaɗa ta durƙusa a gaban mutumin da ni kaina ban cika iya musa masa ba, ta faɗi gaskiya cikin ladabi, ta kuma tsaya a kanta. Ban taɓa alfahari da wani abu nawa kamar ranar ba. Shi ya sa ba zan zuba ido ki rushe shi don wani mai sayar da gero ya yi miki dariya ba.

Kin taso kina jin ana kirana Haruna direban tudu, ba ki taɓa tambayar dalili ba. Lokacin da nake tuƙa babbar motar wani Alhaji a Makarfi, wata damina muka ɗauko buhunan taki za mu kai wani ƙauye bayan Dandamisa. Mata da tsofaffi masu dawowa daga kasuwa suna zaune a kan kaya, maigidan kuma yana gaba kusa da ni. Muka iso rafi, ba gada a wurin a lokacin, ruwa ya sauko ja wur. Na sauka na naɗe wando na shiga da sanda. Ruwan bai kai ƙugu ba, amma yana jan ƙafata, rairayin ƙasa kuma yana zamewa. Na dawo na ce ba zan shiga da mutane ba. Maigida ya lallashe ni, ya zage ni, ya tuna mini shi ya ɗauko ni daga tasha. Na zare makulli na miƙa masa hannu biyu. Ya ba wani direba da ya tarar da mu a wurin.

Kina jira in ce motar ta kife, ko ba haka ba? To ba ta kife ba. Ta haye lafiya lau, mutanen kan kaya suna yi mini ihu daga wancan tsallaken. Na dawo gida da ƙafa, ba aiki, ga sabon suna. Har yau idan aka zauna a tasha ana lissafa wautar da mutane suka yi, sai an kawo tawa. Ni kuwa har gobe in aka mai da ni bakin rafin nan makullin zan miƙa. Abin da na sani a lokacin shi ne ƙasa tana zamewa, kuma ga rayuka a bayana. Hayewar da ya yi ba ta mai da rairayin dutse ba, sa'a ce kawai ya taka.

Abin da ya sa na ba ki wannan labari shi ne, a irin aikinku ba za a taɓa nuna miki haɗarin da kika hana ba. Ba wanda zai zo ya ce na gode da ba ki fesa wa ɗana magani a ido ba. Wani lokaci ma za ki ƙi tashi, wani ya zo ya tashi nasa ya sauka lafiya, a juyo a kalle ki. Kada ki auna hukuncinki da yadda abu ya ƙare. Ki auna shi da abin da idonki da na'urarki suka nuna miki kafin ki taɓa maɓalli. In wannan ya yi daidai, ki kwashe kayanki ki tafi gida ki ci tuwo.

Wanda ya fi ba ni tsoro a rayuwata ba mugun direba ba ne, gwani ne. Ina da aboki, Isuhu, ba ki san shi ba. A Makarfi kaf ba wanda ya kai shi iya juya mota a wuri matsattse. Birkinsa ya fara sanyi lokacin kakar rake, lodi kuma yana ta zuwa. Na ce ya tsaya a gyara, ya ce, "Haruna, wannan lodin kaɗai, na san yadda zan riƙe motar da sauke giya." Ya je ya dawo lafiya. Ya sake, ya dawo lafiya. Kowace dawowa tana ƙara gaya masa ƙarya cewa shi daban ne. Ranar da bai dawo ba, a wata gangara ce da ya bi sau ba adadi. Ni na kama makararsa ta gaba.

A wurin zaman makoki kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni Musulmi ne, ba wanda zai wuce lokacinsa. Amma na ƙi yarda a ɓoye sakaci a bayan ƙaddara, domin Allahn da ya rubuta kwana shi ne ya ba mu ido da hankali, kuma zai tambaye mu a kansu. Idan batir ya kumbura, ko fiffike ya tsage ko da kamar zare ne, ko na'urar hannunki tana yanke magana da jirgin, kada ki ce "wannan gonar kaɗai." Kada kuma ki bari wani ya ce miki "ki tashe shi, Allah zai tsare." Ki ce amin, sannan ki canja batir. Ranar da kika karya ƙa'ida kika sha lafiya, ki ji tsoron ranar fiye da ranar da abu ya lalace, don ita ce za ta ja ki ki sake.

Akwai kuma abin da ba a koya muku da allo ba sai dai a baki, wato duba kai. Ku kuna duba jirgi, kuna duba sama, amma wa ke duba mai tuƙin? Wata shekara cikin azumi na ɗauko tumatir daga can Ikara inda kike yanzu. Rana ta take, na ji idona yana haɗa hanya biyu. Na gangara gindin wata bishiya na kashe mota na shimfiɗa kwali. Masu tumatir suka kewaye ni, ɗaya har yana cewa kayansa za su narke a kaina ranar lahira. Na ce masa ya rubuta, na juya na yi barcina. Ba su sake ba ni lodi ba, ni ma ban neme su ba. Idan ba ki yi barci ba, ko zazzaɓi yana taɓa ki, ko yunwa ta sa hannunki rawa, ke ma kin zama kayan da ke buƙatar gyara.

Fushi ya fi duk waɗannan muni, kuma shi ne a jikinki yanzu. Mai tashin jirgi don ta rufe bakin wani ba ta kallon iska, bakin take kallo. Za su gane haka, Uwata. Mutanenmu akwai wayo. Da sun fahimci kalmar "tsoro" tana motsa ki, sun sami igiyar da za su riƙa jan ki da ita, kowane mai gona da ke sauri zai ce, "Ko dai ba za ki iya ba ne?" Ki bar su su ce. Ki ce, "E, tsoro nake ji," ki ci gaba da naɗe kayanki. Na gwada wannan amsar shekara da shekaru, ban ga wanda ya san abin da zai ƙara a kanta ba.

Ga wata dabara da na so a ce na gaya miki kafin ki je Hunkuyi. A ƙasarmu da zarar ka sha ruwan gidan mutum ka ci abincinsa, bakinka ya yi nauyi. Saboda haka idan kika je gonar kowa, ki yi gaisuwarki cikakkiya, ki tambayi iyali da gajiya da damina, amma kafin a ajiye kwanon fura a gabanki ki faɗi sharuɗɗanki. Ki ce in iska ta kai kaza ba na tashi. In akwai mutum ko dabba ta inda iska ke bi ba na tashi. In hadari ya taso ina cikin aiki zan sauke shi ko da rabin gona ya rage. Ki faɗa a gaban shaidu, da murya mai daɗi, lokacin da sama take garau kuma ba wanda ransa ya ɓaci. Iyakar da aka shata da safe tana da sauƙin tsarewa. Wadda za a shata a gaban rumfa, mutane suna kallo, ba kowa ke iyawa ba.

Sauran kin fi ni sani. Amma ki riƙa taka gonar da ƙafarki kamar yadda kika yi a Hunkuyi, don wayar lantarki ba ta fitowa a hoto yadda take a fili, amyar zuma kuma tana can cikin ganye. Ki san inda za ki sauke shi in ya rikice tun kafin ya tashi. Ki sa babban mutum ya tsare yara nesa, ba yaro ɗan'uwansu ba. Kada ki bi da shi ta saman gidajen mutane, matan aure suna tsakar gidansu, ba su gayyaci idon kowa ba. In kamfaninku ne da kansa ya matsa miki ki karya abin da ya koya miki, shi ma ki gaya masa a'a. Ƙofar gidan nan ba ta da makulli a kanki.

Yanzu ga maganar da na san za ta iso kunnenki, gara ki ji ta daga gare ni. Bayan tafiyarki Yaya ya aiko a kira ni. Na je Hunkuyi na same shi a zaure da sauran 'yan'uwa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

Ya ce, "Haruna, 'yarka ta kunyata ni a gaban mutanen da nake ciniki da su tun kana yaron mota."

Na ce, "Yaya, 'yarka ce. Ranka ya ɓaci, kuma ban ji daɗin haka ba."

Ya ce, "To ga magana ɗaya. Zan sake tara mutanen nan bayan la'asar, ranar da na zaɓa. Ta zo ta tashi jirgin nan a gabansu, ko ana iska ko ba a yi. In ba haka ba, bayan kaka ku nemi wanda zai ba da aurenta. Ni ba zan zauna a tabarmar ba."

Kin san abin da wannan ke nufi. A gidanmu uba ba ya ba da auren 'yarsa, yayansa ko ƙaninsa ke yi, shi uban ma ba a ganinsa a sahun gaba. Yaya ne ya karɓi gaisuwar dangin Mustafa mai neman aurenki, shi ne kuma ya sa ranar biki. In aka zo ɗaurin aure ba ya wurin, Gazara da Hunkuyi za su shekara suna tambayar me yarinyar ta yi. 'Yan'uwa suka shiga ba ni baki. Wani ya ce minti nawa ne, ta ɗaga ta sauke a wuce wurin.

Na ce, "Yaya, ka fi ƙarfin komai a wurina. Gonata in kana so ka ɗauka. Rabi'atu za ta zo ta durƙusa ta ba ka haƙuri a kan ɓacin ranka, ni zan kawo ta. Za ta fesa maka kowace gona da sassafe in iska ta kwanta, ka tara duk wanda kake so su tsaya inda ta nuna musu. Amma ranar da za ta tashi da ranar da ba za ta tashi ba, ba ni ke da ita ba, ba kuma kai ba. Wanda ke riƙe da abin tuƙi shi ke da wannan magana."

Ya ce, "Direban tudu ya haifi irinsa."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Na yi sallama na fito. Ban ɓoye miki ba, da na hau babur sai da na tsaya a hanya na share ido, domin Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa fita zaurensa ba tare da ya raka ni ƙofa ba. Ina ƙaunarsa, ina kuma sa ran zai huce, don zuciyarsa ba ta kai bakinsa zafi ba. Duk ranar kasuwa zan je in gaishe shi, ya amsa ko kada ya amsa. Ke ma ki riƙa kiransa kina gaishe shi. Kada in ji kin faɗi mummunar kalma a kansa, ko a gaban ƙawayenki.

Amma na san abin da zai zo miki a rai da kin karanta wannan. Za ki ce bari in je in ɗaga shi sau ɗaya in raba Baba da yayansa faɗa, in tsare aurena daga surutu. Ban yarda ba. Ban yafe miki ki sayi zaman lafiyata da lafiyar ɗan wani ba. Na riga na je na sami mahaifin Mustafa na gaya masa komai, na kuma sami Liman na tambaye shi ko addini ya hana uba ba da auren 'yarsa. Ya yi dariya ya ce ai shi ne ma na farko, al'ada ce kawai ta sa muke ja da baya.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki ki yi aikinki. In Yaya ya huce ya zo ya zauna a wurinsa, na fi kowa murna, zan koma can baya inda iyaye ke ɓuya. In bai zo ba, na sa an wanke babbar rigata. Zan ratsa sahu a gaban Gazara da Hunkuyi, in zauna a tabarmar da kaina, in aka tambaya wa ke ba da auren Rabi'atu in ce ni ne, Haruna direban tudu. Duk wanda ya ga rashin kunya a ciki ya riƙe, na ɗauki wannan. Ke naki ɗaya ne: ranar da ƙyallen nan ya nuna inda mutane suke, ki bar jirgin a ƙasa.

Allah ya yi miki albarka, Uwata. Allah ya tsare hannunki da idonki, ya kare ki daga sharrin gaggawa da sharrin baki, ya sa kada a taɓa cutar da wani ta dalilinki. Allah ya daidaita tsakanina da ɗan'uwana, ya dawo mana da ke lafiya. Mahaifiyarki ta ce ki riƙa rufe hanci in kina haɗa magani, ta kuma sako miki yaji da kuka a hannun direban da zai kawo wannan takarda.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna.